Jel ɗina ba ya kai mako guda yake ɓarewa, farcen kuma ya yi laushi

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, abin nan ya dame ni sosai. Wata biyar ke nan ina saka jan farce na jel, sau huɗu a wurin mai gyara, sau biyu kuma ni na yi da kaina da fitilar busar da jel da na saya. Karon farko ya yi mini mako uku lafiya lau. Yanzu kuwa kwana huɗu ko biyar sai in ga bakinsa ya ɗago, musamman a manuniya da babban yatsan dama. Jiya ina tsefe kai gashi ya shige ƙarƙashinsa, na ja, duk ya saluɓo gaba ɗaya kamar leda. Farcen da ke ƙasa ya yi fari-fari, in na danna bakinsa sai ya lanƙwashe, har ruwan ɗumi ina jin zafinsa a ciki. Jel ɗin ne ba shi da kyau ko farcena ne ya lalace? Me zan sha ko in shafa ya yi ƙarfi?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata farcenki ne ya gaji, wata biyar bai sha iska ba. Ki bar shi ya yi numfashi.

Anti Bilki:
Ummi, kafin in ce komai ki amsa mini tambaya ɗaya tsakani da Allah. Sau shidan nan da kika saka, sau nawa aka jiƙa shi da asiton, sinadarin nan na cire jan farce, aka cire, sau nawa kika ɓamɓare da hannu ko haƙori?

Ummi:
Anti, sau ɗaya ne kawai aka cire mini da asiton. Sauran in ya fara ɗagowa ba na iya haƙuri, yana kama kaya da gashi, sai in ƙarasa shi.

Anti Bilki:
To ga matsalarki nan. Shekara tara ina wannan sana'a, kuma mafi yawan masu zuwa mini da farce mai laushi labarinsu ɗaya da naki. Farce ba abu guda ba ne dunƙule, shimfiɗa ce kan shimfiɗa ta keratin, sinadarin da ke gina farce da gashi, sirara ƙwarai, manne da juna. Jel in ya kama, saman shimfiɗar yake riƙewa. Wurin da ya ɗago da kansa ya riga ya saki, amma sauran da kike ja da ƙarfi yana nan manne, don haka yana tahowa da saman farcenki. In kin sami wanda kika ɓare jiya ki juya bayansa ki duba a haske, za ki ga wani fari-fari kamar ƙura a jiki. Wannan farcenki ne. Farin da kike gani a yatsa kuma gurbin abin da ya tafi ne.

Sai abin ya zama zagaye. Farce ya sirance, ya fi lanƙwasa. Jel ɗin da aka ɗora ya bushe ya yi tauri, ba ya lanƙwasa tare da shi. Duk sanda kika danna wani abu da bakin yatsa, na ƙasa ya motsa na sama ya tsaya, sai su rabu daga baki. Ya ɗago, ki ɓare, ya ƙara sirancewa, na gaba ya ɗago da wuri fiye da na baya. Shi ya sa na farko ya yi miki mako uku na yanzu ba ya wuce kwana biyar. Manuniya da babban yatsa su suka fi aiki, su za su fara nunawa.

Ummi:
Wallahi na duba, yana cikin kwandon shara ban zubar ba. Farin yana nan a bayansa. Jikina ya yi sanyi.

Maman Sadik:
Ai abin da na faɗa ke nan, a bar shi ya sha iska.

Sista Rabi:
Maman Sadik, shawarar hutu daidai ce, amma dalilin ba shi ba ne. Farcen da muke gani ba ya numfashi, matattun ƙwayoyin halitta ne. Wurin da ke da rai yana can ƙarƙashin fata a gindin farce, kuma jini ne ke kai masa iska da abinci. Na tsaya a kan wannan ne don in mutum ya ɗauka iska ce magani, sai ya bar farcen tsirara yana ta shiga ruwa da sabulu yana jiran ya warke, alhali a lokacin ne ya fi buƙatar kariya. Hutun da ake nufi hutu ne daga gogewa da asiton da ɓamɓara. Kuma wurin da ya sirance ba ya komawa ya yi kauri, sai dai ya tsiro ya fita a yanke shi. Farcen hannu yana tsirowa kamar milimita 3 a wata, kafin ya sauya gaba ɗaya daga gindi zuwa baki ana ɗaukar wata 4 zuwa 6.

Maman Sadik:
Na ji Sista. Amma ni dai da na bari na wata uku na ga canji, ko da me za a kira shi.

Sista Rabi:
Kin gani kuwa, rabin farcen sabo ne a lokacin. Ba mu saɓa a kan sakamakon ba.

Zee:
Ni fa ban yarda duk laifin Ummi ba ne. Masu gyara da yawa su ke cinye wa mutum farce tun kafin a saka komai. Akwai wadda na je wurinta ta sa injin gogewa a kan farcena har na ji zafi, na janye hannu ta ce dole sai an kankare sosai in ana so ya daɗe. Da na cire, sai ga wasu jajayen layuka kamar baka a tsakiyar farce uku. Wata huɗu ina kallonsu suna tafiya sama a hankali.

Anti Bilki:
Zee gaskiyarki, kuma ba zan kare ta ba don muna sana'a ɗaya. Jan layin nan alamar an ci farce har ya kusa nama ne. Abin da ake buƙata kawai a kashe ƙyallin saman farce, da magogi mai laushi, mai lamba 180 ko 240, a hankali, kuma sabon wurin da ya tsiro kaɗai. Wanda aka goge wancan karon ba ya buƙatar a sake. In kin ji zafi ko ɗumi lokacin gogewa ki janye hannunki, haƙƙinki ne.

Tunda Ummi ta ce tana yi da kanta, bari in faɗi inda masu yi a gida suka fi faɗuwa. Akwai wata siririyar fata matacciya da ke biyo farce daga gindi, manne take, ido ba ya ganinta sosai sai an tura fatar baya an kankara a hankali ta taso kamar farin gari. In an bar ta, jel a kanta ya zauna, ita kuma za ta saki cikin kwana kaɗan. Haka in jel ya taɓa fatar gefe ko ta gindi aka busar da shi a haka, fata tana motsi tana fitar da maiƙo, daga nan zai fara ɗagowa. Ki bar ɗan tsakani kamar kaurin gashi biyu. Sannan bakin farce, kaifin nan na ƙarshe, kowane shafi sai kin bi ta kansa da buroshi kin rufe. Mutane da yawa ba sa yi, ruwa kuma ta nan yake shiga.

Ummi:
Ban taɓa rufe bakin ba ko sau ɗaya. Kuma Anti ni kafin in fara nakan jiƙa hannu a ruwan ɗumi don fatar ta yi laushi, sai in shafa mai.

Anti Bilki:
Kash. Waɗannan biyun kaɗai sun isa su ɓare miki shi ko da farcenki lafiya yake. Farce yana shan ruwa ya kumbura ya ɗan baje. Kin shafa jel a kan kumburarre, bayan awa kaɗan ya bushe ya tsuke ya koma siffarsa, jel kuma ya daskare a siffar farko. Mai kuwa ba abin da ke mannewa a kansa. A bushe ake yi, aƙalla awa ɗaya bayan wanka ko wanke-wanke, a goge farcen da auduga marar gashi da sinadarin alkohol na gogewa, kuma daga nan kar ki taɓa fuska ko gashi. Mai sai bayan an gama komai.

Hauwa'u:
Tambaya don Allah. Nawa baƙi da ja mai duhu ne kawai suke yi mini haka, su yamutse su saɓule, masu haske ba sa yi. Me ya sa?

Anti Bilki:
Kauri kike sakawa. Jel ba iska ke busar da shi ba, haske ne ke sa sinadaran cikinsa su sarƙe da juna su daskare. Launi mai duhu yana tare hasken, sai sama ya yi tauri ƙasa yana nan danye. Ki yi shafi siriri ko da kina ganin farce ta ciki, ki busar, ki ƙara na biyu, in ta kama na uku. Lokacin da aka rubuta a kwalbar ki cika shi, yawanci daƙiƙa 30 zuwa 60 a fitilar LED, minti 2 a tsohuwar fitilar UV mai dogon ƙwai. Babban yatsa ki saka shi shi kaɗai a miƙe, don in an haɗa da sauran yana kwanciya a gefe haske bai same shi sosai. Kuma ba kowace fitila ke dacewa da kowane jel ba, ƙananan nan masu kama da tocila ba sa busar da hannu guda yadda ya kamata. Danƙon da ake ji a sama bayan an busar shi ba matsala ba ne, iska ce ke hana wannan ɗan saman daskarewa, ana goge shi a ƙarshe.

Maman Iman:
Bari in sa baki a nan, don zancen danyen jel ya wuce ɓarewa, ni ya same ni. Shekara biyu ina yi wa kaina a gida, ina goge wanda ya zubo a fata da ɗan yatsa, ban ɗauke shi komai ba. Wata rana na tashi gefen farcena yana ƙaiƙayi kamar ana tsira allura, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai fatar kan yatsu ta tsattsage har ba na iya ɓalle maɓallin rigar yaro. Fatar idona ma ta kumbura saboda ina taɓawa. Farce biyu suka rabu da nama daga baki. Likitan fata ya manna mini gwaji a baya na kwana biyu, sakamako ya nuna jikina ya ƙi wani sinadari na cikin jel da ake kira HEMA. Ya ce wannan ba ya tafiya, kuma duk sanda zan je wurin likitan haƙori in faɗa masa, don dangin sinadarin suna cikin wasu abubuwan cike haƙori. Ummi, ki ji tsoron danyen jel a fata fiye da yadda kike jin haushin ɓarewa, balle yanzu da farcenki ya sirance.

Sista Rabi:
Allah ya ƙara sauƙi Maman Iman. Abin da kika faɗa sananne ne. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kansa tun 2018, Tarayyar Turai kuma ta taƙaita kayan farce masu HEMA ga ƙwararru kawai. A watan Satumba na 2025 ma Tarayyar ta hana wani sinadarin daban mai suna TPO a kayan kwalliya. Duk wadda ke yi a gida ta riƙa karanta jikin kwalba.

Fati Kyau:
Ummi ki nemi biyotin, wani nau'in bitamin ne, ƙwaya ɗaya kullum, wata ɗaya za ki ga farce kamar ƙarfe. Ki haɗa da kalsiyam, farin nan da kike gani rashin kalsiyam ne.

Sista Rabi:
Fati ki yi haƙuri, nan kam sai na ja da ke. Kalsiyam ɗin da ke cikin farce ɗan kaɗan ne ƙwarai, ba shi ke ba shi ƙarfi ba, kuma farin Ummi mun riga mun ga daga inda ya zo. Biyotin kuwa binciken da aka yi a kansa ƙanana ne, mutane kaɗan, kuma ko ya yi aiki sabon farcen da zai tsiro zai taɓa, ba zai gyara wanda ke waje cikin wata ɗaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2017 cewa yana iya sa gwajin da ake gane ciwon bugun zuciya da shi ya nuna ƙasa da gaskiya, yana kuma taɓa gwajin maƙoƙo. Mai sha ta faɗa wa likita kafin a ɗebi jini.

Fati Kyau:
Ni dai na sha na ga amfani Sista, ba ji na yi ba. Wata huɗu farcena ya daina karyewa.

Zee:
A wata huɗun kina saka jel?

Fati Kyau:
A'a na ajiye shi lokacin.

Zee:
To da wanne za mu yaba?

Fati Kyau:
Ko ma dai wanne ne, ni ban ga illa ba kuma zan ci gaba.

Sista Rabi:
Ba laifi, ki dai riƙe maganar gwajin jinin. Ummi, inda cikin jiki ke shigowa shi ne in farcen duka goma har da na ƙafa suna laushi tun kafin jel, ko suna lotsawa a tsakiya kamar cokali, ko kina yawan gajiya, jiri, zubar gashi, ko jinin al'ada mai yawa. Nan sai a duba ƙarancin sinadarin ƙarfe (ayon) a jini da kuma maƙoƙo. In na ƙafa lafiya suke na hannu ne kawai, daga waje matsalar take.

Ummi:
Na ƙafa garau suke Sista. To yanzu me zan yi daga yau? Akwai wani mai taurara farce da na gani, in saya?

Hajiya Kulu:
'Yata ki duba abin da ke ciki tukuna. Masu sinadarin fomalin suna taurara farce da gaske, amma in aka daɗe ana shafawa sai ya bushe ya riƙa tsagewa kamar gilashi, ga shi yana yi wa siririn farce zafi. Na yi wannan kuskuren shekarun baya. Abin da ya dawo mini da nawa ba shi da wani armashi: na yanke su gajeru daidai da kan yatsa don kada su sami abin lanƙwasawa, ina gyara baki da magogin gilashi maimakon in bar shi yana kama zare, safar hannu ta roba duk lokacin wanki da wanke-wanke, sai mai a gindin farce da ƙarƙashin baki safe da dare da bayan duk wanke hannu. Man jojoba na fi so, da dare in ɗora Vaseline a kai. Ruwa shi ne babban abokin gabar farce mai laushi, shiga da fita, kumbura da tsukewa, shi ke ɓaɓɓaka shimfiɗun nan da Bilki ta faɗa. Kuma ki daina buɗe gwangwani ko kankare takardar jikin kwalba da farce.

Anti Bilki:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, jan farce na gargajiya marar launi, wanda iska ke busarwa, shafi biyu, yana rage shan ruwa kuma yana riƙe bakin. Kar ki riƙa cire shi kullum, sau ɗaya a mako ya isa.

Inda wataƙila za mu saɓa da wasu shi ne ni ban ce dole kowa ta bar jel wata shida ba. Akwai shafin farko mai taushi da ake kira roba bes, yana lanƙwasa tare da farce, akwai kuma jel mai kauri na gini da ake barin siririnsa a kai ana cike gindi kawai, ba a cirewa har ƙasa kowane zuwa. Ga mai farce mai laushi tun asali wannan yana taimakawa ƙwarai.

Maman Iman:
Anti Bilki a kan farcen da ruwan ɗumi ke yi wa zafi? Ni ban goyi baya ba. Ga zafin fitila, ga sinadari kusa da nama.

Anti Bilki:
A'a, ba Ummi ta yanzu nake nufi ba. Wadda ta zo mini da farce yana zafi ko ya yi ja, ba na saka mata komai, ko ranta zai ɓaci. Jel yana fitar da zafi lokacin daskarewa, siririn farce kuma ba ya tare shi, har yana iya sa farce ya rabu da nama. Ummi ta jira sai aƙalla rabin farcen sabo ne, zafin ya tafi, sannan a duba.

Hauwa'u:
Ita fitilar kanta fa? Na ji ana cewa tana kawo cutar kansa.

Sista Rabi:
Akwai binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego aka wallafa a 2023, sun saka ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin irin fitilar a ɗakin gwaji suka ga ta lalata wasu. A faranti aka yi, ba a hannun mutum ba, kuma na tsawon lokacin da ya fi na gyaran farce, don haka bai tabbatar da cewa tana sa wa mutum cutar kansa ba. Amma hasken UV ne, irin na cikin hasken rana mai iya cutar da fata, har a fitilar LED. Likitocin fata suna ba da shawarar man kariya daga rana a bayan hannu kafin a fara, ko safar hannu mai yankakken baki. In man za ki shafa, kar ya taɓa farcen.

Ummi:
Saura yatsu shida da jel a kai, biyu sun ɗago. In bar su ko in manne da gam?

Anti Bilki:
Kar ki kusanci gam. Ruwa yana maƙalewa a ƙarƙashin wurin da ya ɗago, in kika rufe shi ƙwayar cuta ta samu ɗaki, sai ki ga farce ya yi kore. Cire su za ki yi yau. Ki goge ƙyallin saman jel ɗin kawai don asiton ya samu hanya, ki shafa Vaseline a fatar kewaye, ki yanka auduga daidai girman farce ki jiƙa, ki ɗora ki naɗe da takardar foyil ko leda ta matse sosai. Minti 10 zuwa 15. In kin buɗe zai yi kamar ya dagargaje, ki ture da ɗan tsinken katako ba tare da dannawa ba. Wanda ya ƙi tafiya ki sake naɗewa minti 5, kar ki kankara. Ki buɗe taga, kuma nesa da wuta, asiton yana kamawa. Ki wanke hannu ki shafa mai sosai.

Ummi:
Na gode ƙwarai Anti, Sista, Hajiya, da kowa. Na cire guda shidan yanzu, na ƙaramin yatsa sai da na naɗe sau biyu. Abin mamaki waɗanda ba su ɗago ba farcensu ya fi na sauran santsi nesa ba kusa ba. Amma a ƙarƙashin na tsakiyar hagu, wanda ya fi daɗewa a ɗage, na ga ɗan tabo kore-kore kamar ƙwayar gero a gefe. Ba ya ciwo. Shi ne wanda kika ce?

Anti Bilki:
Shi ne. Kar ki rufe shi da komai, ko jan farce marar launin nan ki tsallake wannan yatsan, ki yanke shi gajere ki riƙa busar da shi sosai bayan ruwa. Launin ba zai goge ba, tare da farcen zai fita.

Sista Rabi:
Ki ɗauki hotonsa yau kusa da gindin farce don ki iya gwadawa bayan mako biyu. In yana matsawa sama bai ƙara faɗi ba, shi ke nan. In ya yaɗu, ko ya yi duhu, ko gefen ya kumbura yana ciwo, ko farcen ya fara rabuwa da nama, ki je a duba miki kar ki jira.

Ummi:
Na ɗauka. Hajiya, man shi ma in tsallake wannan yatsan ko in shafa a gindi kawai?

Hajiya Kulu:
A gindi kawai 'yata, ki bar wurin tabon a bushe.